Yadda Aka Yi Gwanjon Sunan 'Yata

Ni ba mai faɗa ba ce. Ko akuyar maƙwabta ta shigo ta ci mini gyaɗar da na shanya, korarta kawai nake yi, in tattare abin da ya rage in ɗora a kan rufin ɗaki. Duk ƙauyenmu, nan gefen Tsanyawa, an san ni da wannan. Amma akwai wasu mutane a cikin birnin Kano, a hawa na biyu na wani bene mai gilashi, waɗanda har yau in na tuna su ina cin abinci sai in tsame hannuna. Su ne masu sayar wa mutane suna da wuri a intanet. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina goye da autana, kuma ban taɓa zaton a kan abu irin wannan zan zauna in yi dogon rubutu ba. To, ga shi ya zo.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a hannun mahaifiyata na koya. Gonakinmu a nan ƙanana ne, a manne suke da juna, layin gamba ne kawai ya raba taka da ta wani, har in mai ta kusa ya yi tari sai ka ce masa sannu. Gyaɗar da maigidana yake nomawa ba ta kai ni wata uku, sauran a kasuwa nake aunowa. In soya, in murje, in bakace, a kai inji, in dawo in zuba a turmi ina juyawa ina ɗiga ruwan zafi har man ya taso. Ba na haɗa shi da komai. Wannan kaɗai ne sirrin, kuma shi ya sa wanda ya saya sau ɗaya yake dawowa.

'Yata ta fari tana aure a Bacirawa, mijinta tela ne. Tana koyarwa a wata Islamiyya, kuma ajin manyan 'yanmata aka ba ta, masu shirin sauka, ajin da ba a ba kowa sai wadda iyaye suka yarda da ita ƙwarai. Sunanta ba zai fito a takardar nan ba. 'Yar fari ce, tun ranar suna bakina bai kira shi ba, alƙalamina ma ba zai kira ba. Malama kowa yake ce mata, ni ma haka nake cewa.

Ita ta fara tafiya da jarka ɗaya in ta zo ganin gida. Malaman makarantarsu suka ɗanɗana, iyayen yara suka ji labari, daga nan sai masu kantuna. Wata rana tana taya ni mulmula ƙuli ta ce, "Inna, mutane suna ta tambayata inda za su same mu. Mu buɗe shafi a intanet mana. Kamar rumfa ce, sai dai a waya take. A sa mata suna, duk wanda ya rubuta sunan ya iso." Na ce ta tambayi babanta. Ya ce in dai babu haram a ciki, a yi.

Ita kaɗai ta fara zuwa kamfanin, wata ƙawarta ce ta yi mata kwatance. Mai wurin bai wuce sa'anta ba a shekaru, Injiniya suke ce masa. Ta gaya masa muna son sunan ƙauyenmu, a haɗa da man gyaɗa. Ya buga a kwamfuta ya ce babu mai shi, duk ranar da muka shirya mu zo. Sai da kasuwar Tsanyawa ta ci sau biyu kafin mu shirya.

Maigidana ba ya son birni. Ya ce in tafi da ƙaninsa, Baffan yara, wanda dillalin hatsi ne, shekara talatin yana tsaye tsakanin mai saye da mai sayarwa. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya, a mota ma bai bar ni na huta ba.

"Matar yaya, yau za ki shiga intanet, ki shiga da ƙafar dama. In kin yi kuɗi ki tuna wanda ya raka ki."

Na ce, "In na yi kuɗi sabuwar hula zan fara saya maka. Wannan ta ga gwamnoni da yawa."

Muka sauka a Bacirawa muka ɗauki Malama da mijinta, mu huɗu muka hau benen.

Injiniya ya tarbe mu da fara'a, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ya buga sunan ƙauyen namu, sai ya dafe kai. "Kash! Wani ya riga ku. Shekaranjiyan nan aka ɗauke shi." Ya ce wanda ya ɗauka zai iya sayar mana, amma da tsada. Na shiga tunani. Ƙauyenmu ko kwandastan mota sai ka ce masa kusa da wuri kaza kafin ya gane. Wane ne a duniya yake sha'awar sunansa, kuma sha'awar ba ta taso masa ba sai bayan da Malama ta faɗe shi a ɗakin nan? Tunanin a lokacin ya zo mini, ina zaune a kujerarsa. Na haɗiye shi, don kada in zargi mutum a ofishinsa babu hujja. Har yau ina cizon yatsa a kan wannan haɗiyewar.

Shi ya kawo shawarar a sa sunan Malama. Ya ce ai masu saye da ita suka san man. Raina bai so ba. Na ce sunan matar aure a jikin jarka, yana yawo kanti-kanti? Mijinta ya ce shi bai ga aibu ba, sana'a ce ta halal. Ita ma ta ce, "Inna, ba komai." Na bi su.

Daga nan na yi tambayar da na taho da ita tun daga gida. A wajenmu in za a karɓi gona, abin da ake fara faɗa a gaban mutane shi ne wace irin karɓa ce: saye ne, aro ne, haya ce, ko jingina. Kowacce da hukuncinta, kuma ba a tashi daga wurin sai kowa ya ji da kunnensa. Na ce, "Ɗana, wannan abin saye ne ko haya?"

"Naku ne, Hajiya. Tsarin da na sa ku a kai na har abada ne. Biya ɗaya."

"Ba za a dawo mana da wata magana ba?"

"Har jikokinki sa gaje shi."

Sai ya tambayi imel ɗin da za a rubuta a rajista. Ni ba ni da shi. Malama tana da wani da aka buɗe mata ranar da ta sayi waya, ta manta mabuɗinsa. Ya ce kada mu damu, zai sa na kamfani, da sunan kamfani, su tsaya mana. "Mu ne wakilanku," in ji shi. Hankalina ya kwanta. Mun saba da haka, mace ta sayi tunkiya ko fili wani namiji amintacce ya tsaya mata, kuma ba a taɓa jin ya wayi gari ya ce nasa ne ba.

Baffa ya gyara zama irin na kasuwa, ya miƙa masa hannu. "To, Injiniya, ka sallama?"

Ya yi dariya ya ce, "Na sallama, Baba."

Baffa ya juya wajen mijin Malama. "Ka ji?" Ya ce ya ji. "Ni ma na ji. Shaidu biyu ke nan. Allah ya sa albarka."

Muka shafa fatiha. Na fito da goro da 'yar jarkar mai na ajiye masa a kan tebur. A wajenmu an gama ke nan. Gonar da aka yi wa haka, ko bayan shekara hamsin jikan mai sayarwa ba ya zuwa ya taka ta da sunan tasu ce. Ya ba mu rasit da Turanci, bayansa cike da ƙananan rubutu kamar tururuwa. Na duba gaban, na ga sunan Malama a sama da manyan baƙaƙe, na bi shi harafi-harafi na ga daidai yake. Da na dawo gida na sa shi a cikin littafina na yaƙi da jahilci, a ƙasan akwati.

Shekara biyu abin yana tafiya, ba zan ɓoye alherin da na gani ba. Aka buga mana sitika koriya, da sunan shafin a ƙasa da lambar wayar Malama, muna mannawa a kowace jarka da kowace ledar ƙuli. A shafin akwai hoton hannuwana a kan turmi, don na ce fuskata ba za ta shiga ba. Ana kira daga Kaduna, daga Zariya, har wata mata a Abuja takan sa direba ya karɓar mata. Na ɗauki maƙwabtana biyu suna taya ni suya. Na sake rufin ɗakina da kwano.

Da kakar shekara ta uku, gyaɗa tana araha, na cika ɗaki da buhuna, sai shafin ya daina buɗuwa. Malama ta kira kamfanin. Muryar wata mata ce da aka naɗa take cewa kiranmu yana da muhimmanci a wurinsu, sai kiɗa, sai ta sake faɗa, har katin ya ƙare. Ranar da mutum ya ɗauka ya ce matsalar netwok ce, a ba su kwana biyu. Kwana biyun nan suka zama wata biyu. Tunda masu saye suna da lambarta suna kira, ba mu tsananta ba.

Sannan shafin ya buɗe.

Wani uba ne a cikin iyayen ɗalibanta ya fara gani. Man gidansa ya ƙare, ya ɗauki jarkar ya kwafi abin da ke jiki a wayarsa. Abin da ya fito masa gidan caca ne. Ƙwallo, da kati, da wasu abubuwa masu juyawa, da hotunan mata waɗanda ba zan kwatanta shigarsu ba. Can sama kuma, inda ake rubuta adireshi, sunan malamar 'yarsa. Bai kira ta ba. Wajen shugaban makaranta ya kai wayar. Kafin azahar an kira ta ofis an ce ta zauna a gida tukuna har a bincika. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa: Malama ta buɗe caca a waya, man gyaɗar nan rufa-ido ne.

Washegari da hantsi ina tsaye a kan kaskon ƙuli ta kira ni. Ta gaishe ni, ta tambayi babanta, ta tambayi awaki, sannan ta ce in zo, in taho da rasit ɗin kamfanin nan. Na san ba kiran lafiya ba ne. Na sauke kaskon ƙulin bai soyu ba, na aika a kira mini Baffa, muka tari mota a bakin titi.

A ɗakinta ta miƙo mini wayar. Kallo ɗaya na yi na kife ta a kan tabarma. Ba ta yi kuka a gabana ba. Abin da ta ce kawai, "Inna, 'yanmatan nan shekara huɗu ina tare da su. Saura izu kaɗan su sauke." Shugaban makarantar ya gaya wa mijinta shi bai yarda da maganar ba, amma iyaye ba za su ji bakinsa kawai ba. A kawo takarda daga kamfanin, da hatiminsu, cewa babu hannunta a ciki, ya karanta wa iyaye, ta koma ajinta. Takardar nan muka tafi nema da safe, ni da Baffa da mijinta. Ita ta ce ba za ta iya fita ba.

Benen yana nan, an ma ƙara masa fenti. Matar da ke teburin shiga ta tambayi wane shafi ne. Na fito da jarka daga jakata na ajiye mata. Ta karanta sunan da ƙarfi, kamar mai kiran fasinja a tasha, ta ce mu zauna. Muka zauna tun hantsi har aka kira azahar, muka sauka muka yi salla, muka dawo muka ƙara zama.

Da Injiniya ya fito bai gane mu ba. Ya yi ƙiba. Sai da ya buga sunan a kwamfuta sannan ya ce, "Oho. Ai wannan ya yi ekspaya, Hajiya."

"Ya yi me?"

"Wa'adinsa ya cika. Suna ba a sayensa gaba ɗaya, duk duniya haka ne. Shekara-shekara ake sabuntawa. Na shekara biyu aka biya muku."

Na ce, "Ka ce har abada. Ka ce jikokina sa gaje shi."

"Wannan na wurin ajiya ne, inda hotunanku suke zaune. Suna daban, wurin ajiya daban." Ya karɓi rasit ɗin daga hannuna ya juya bayansa, ya sa bakin biro a kan wani layi. "Ga shi nan a rubuce. Shi ma har abadan, muddin kamfani bai canza tsari ba ne. Mun canza bara."

Baffa ya ce, "Ashe har abadanku shekara biyu ce. Allah ya sa ba irinta za a auna muku a lahira ba."

"Baba, mun tura saƙon tuni har sau uku."

"Ina kuka tura?"

"Imel ɗin da ke rajista."

"Na wa ke rajistar?"

Ya kalli kwamfutar, ya ɗan danna nan ya danna can. 

"Ni in gaya maka," in ji Baffa. "Naka ne. A gabana ka sa shi. Wato ka rubuta wa kanka wasiƙa, ka kai wa kanka, ka ga ba ka ba kanka amsa ba, ka sake rubutawa har sau uku, sannan ranka ya ɓaci ka sayar da kayan mutane. Kai, Injiniya, ko a kasuwar ɓarayi ban ji wannan ba."

Mijin Malama, wanda ba mai magana ba ne, ya ce, "Mun kira ku lokacin da ya rufe. Kuka ce netwok ne."

"Ƙila wanda ya ɗauka bai duba ba ne. Kuma ba mu muka sayar ba, sistem ne. In suna ya faɗi, gwanjonsa ake yi kai tsaye."

"Sistem ɗan gidan wa ne? A kira mana shi," in ji Baffa. "Ni dillali ne, abu uku nake tambaya. Wa ya sayar, wa ya saya, wa ya ci la'ada. Masu caca sun saya, mun gani. Sauran biyun fa?"

Ya ce a rajista sunan na kamfani ne, don haka abin da gwanjon ya kawo na kamfani ne. Ya faɗe shi bai ko sunkuyar da kai ba. Har ya ƙara mana bayani, kamar mai koyar da yara, wai sunan ya yi daraja ne saboda yana da jama'a, kullum ana shiga, irinsa masu caca suke nema. A nan na gane abin da aka sayar. Mutanen da na tara ne da turmi da taɓarya, ɗaya bayan ɗaya, matan da suka yarda da man da ba a haɗa shi da komai ba. Su aka kora gaba ɗaya aka shigar gidan caca, da sunan 'yata a bakin ƙofa.

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Na ce, "Ɗana, a garinmu akwai wanda ya jinginar da gonarsa ya tafi Kudu, shekara goma sha ba a ji ɗuriyarsa ba. Wanda gonar ke hannunsa ya matsu, amma bai taɓa ta ba sai da ya je wajen dagaci, aka nemo 'yan'uwan mutumin, aka aika har inda yake. Wannan fa gona ce, ƙasa ce kawai. Kai lambar wayar Malama da hannunka ka rubuta ta a shafin. Kira ɗaya ya gagare ka?"

"Ba ma kiran waya, Hajiya. Ba ya cikin tsarinmu."

Sai ya ɗauko wata maganar. Ya ce za su iya shiga tsakani su tuntuɓi masu cacar, ko za su sayar mana. Ya ambaci kuɗin da ko shanun huɗa biyu aka kai kasuwa ba za su kawo shi ba, ban da ladan shiga tsakanin, kuma babu tabbas. Ko kuma, in ji shi, ya buɗe mana sabon suna yau-yau, sunan Malamar dai, a ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, zai yi mana ragi tunda mu tsofaffin abokan hulɗa ne. Baffa ya miƙe tsaye, sai da mijin Malama ya riƙe masa riga.

Na ce su zauna. Na ce, "Ba suna na zo karɓa ba, na bar muku. Takarda nake so. Layi biyu, cewa shafin nan ya fita daga hannun wannan baiwar Allah tun wata kaza, abin da ke kansa yanzu ba nata ba ne. Ka sa hatimi. Aikinta ne a kai, da mutuncinta a unguwa."

Ya jingina da kujera. Ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ba sa ba da irin wannan takardar, lauyansu ya hana, don ana iya kai su kotu da ita. Sai dai mu shiga shafinsu mu cike fom na ƙorafi, za a ba mu lamba, a duba cikin kwanakin aiki.

"Layi biyu ne," na ce. "In biro ne babu, ga nawa."

Ya yi murmushi, ya danna ƙararrawa aka kawo mana ruwa mai sanyi a roba. Tun safe ban sa komai a bakina ba, maƙogwarona kamar an zuba toka. Ban taɓa shiga wurin mutum an ba ni ruwa na ƙi ko kurɓa ba, ko gidan wanda ba ma shiri. Na bar nasa a kan tebur yana zufa, na ɗauki jarkata muka sauko.

A hanyar gida Baffa bai yi mini wasa ba. Sai wajen Bici ya ce, "Matar yaya, ni na cuce ki. Na yi ciniki irin na mutane da wanda ba irinsu ba." Na ce ba shi ya cuce ni ba. Maigidana kuwa da na gaya masa sai ya ɗauki fartanya ya fita, alhali an gama aikin gona, babu abin nomawa.

Fom ɗin an cike, an ba mu lamba. Amsar da ta zo bayan sati biyu ita ce an rufe ƙorafinmu, suna fatan mun gamsu. Wani lauya da yake kawo ɗinki wajen mijin Malama ya karanta bayan rasit ɗin, ya ce waɗanda suka rubuta shi sun san abin da suke yi, sallamar baki da shaidu biyu da wuya su ture shi, sai dai mu ƙarar da abin hannunmu a hanyar kotu.

Baffa da mijin Malama suka je gaban kwamitin makarantar suka faɗi abin da suka gani da abin da suka ji, tun daga ranar ciniki, suka ce a shirye suke su rantse. Kwamitin suka ce sun gamsu. Amma gamsuwar da aka yi a ɗaki ɗaya ba ta bin gida-gida, kuma duk wanda ya ɗauki jarka ya buga abin da ke jiki, abin da zai gani yana nan.

Don haka na bi jarkokin. Duk ranin nan, in na gama aikin safe sai in hau mota, da 'yar wuƙa da tsumma da ruwa a gora. Bacirawa, Kurna, Rijiyar Lemo, duk kantin da muka taɓa kai wa. In yi sallama, in roƙi arziki, in zauna a ƙasa in jiƙa sitika in kankare. A manne take da kyau, mu muka ce a yi mai ƙarfi don kada mai ya ɓalle ta. Wasu masu kantin sun taya ni. Wani kuwa yana ganina ya ce, "A'a, Hajiya mai caca! A ba mu lambar da za ta ci yau mana." Abokansa suka yi dariya. Na ce masa sannu da aiki, na kankare na wurinsa na fita. Na Kaduna da Abuja, da waɗanda ke cikin kicin ɗin mutane, babu yadda zan yi da su. Sauran sitikar da ba a manna ba, dami guda, a murhu na zuba ta ƙarƙashin kaskon ƙuli. Warin roba ya hana mu zama a tsakar gida ranar.

Da Ƙaramar Salla ta zo, saƙo ya shigo wayar Malama daga kamfanin. Suna yi mana barka, suna sanar da ragi ga masu son buɗe shafi. Ashe suna da lambar. Ashe sun iya aikawa.

Akwai masu cewa ai laifinmu ne da ba mu karanta bayan takarda ba. Na yarda ban karanta ba. Amma na yi tambaya da bakina, da Hausa, a gaban maza biyu, ya amsa mini da Hausa. Wanda ya san amsar gaskiya tana bayan takarda da harshen da ba ka ji, ya dubi idonka ya faɗi wata, ban san abin da ake kiransa a birni ba. A ƙauye mun san abin da muke kiransa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun da abin ya faru na ji na wata mai ɗinkin labule da wani kamfanin ya riƙe mata suna ya hana ta komawa wurin wasu. Na ji na wata makaranta da shafinta ya ɓace da sakamakon yara a ciki, aka ce musu ba a ajiye kwafi ba. Duk magana ɗaya ake gaya musu, tsari ne, sistem ne, yana rubuce a baya. Suna zaune a sanyi suna jiran ranar da wa'adinka zai cika ba ka sani ba, kuma su ne suka tsara yadda ba za ka sani ba.

Bayan zango ɗaya makarantar ta dawo da Malama, sai dai ba ajinta ba. Ajin ƙananan yara aka ba ta, masu koyon baƙi, waɗanda ake share wa hanci. Aka ce na ɗan lokaci ne, har maganar ta kwanta. 'Yanmatan aka ba wata. Ba ta yi musu ba, ta karɓa.

Da lokacin saukar 'yanmatan ya yi, ta aiko in zo. An kafa rumfuna a filin makarantar, iyaye sun cika, kowa da waya a hannu yana ɗauka. 'Yanmatan suka fito cikin fararen hijabai da allunansu, suka yi karatu. Na rufe ido na ji karatun 'yata ne, inda take ja suna ja, inda take tsayawa suna tsayawa. Sannan mai lasifika ya fara kiran malaman da suka yi wahala da su, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito a ba shi kyauta a naɗe. Aka kira wadda ta riƙe su 'yan watannin ƙarshe. Aka kira mai koyar da su hadisi. Har maigadi aka kira, aka tafa masa. Ina zaune ina jira har aka shafa addu'a. Daga baya mijinta ya gaya mini kwamitin ne suka ga gara kada a faɗi sunan a lasifika, taro ne, akwai baƙi, kada wani ya buga shi a waya a wurin. Kyautarta an ce za a kai mata gida.

Tana can baya duk tsawon taron, a kan tabarma da ƙananan yaranta, tana hana su tashi, ɗaya ya yi barci a cinyarta. Da aka watse ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Inna, kin ji karatunsu? Ba su yi kuskure ko ɗaya ba."

Na ce na ji.

Ta dubi fuskata ta ce, "Inna, ki yafe musu haka nan, ki huta."

Na ce mata na yafe wa uban da ya kai waya ofis bai tambaye ta ba. Na yafe wa masu yi da ita a unguwa, ba su sani ba ne. Kwamitin ma na yafe musu, tsoro ne ya sa su. A hankali na faɗa, don kada yaran su ji. Na ce amma mutanen benen nan ban yafe ba, kuma kada ta ƙara roƙona.